Idan Manya Suka Fara Zawarcin Kocinku

Wani ɗan'uwa daga cikin masu karanta wannan fili ya aiko mini da tambaya, yana cewa ya daɗe yana goyon bayan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa wadda ba ta cikin manya, sai Allah Ya haɗa su da koci wanda ya ɗago su daga ƙasan teburi har suka fara karawa da masu kuɗi ba tare da jin tsoro ba, amma tun ranar da nasara ta fara zuwa daɗinta ya gauraye da fargaba, domin kullum aka buɗe rediyo ko aka shiga gidan kallo sai a ji ana cewa ƙungiya kaza tana zawarcinsa. Yana so ya san yadda mutum zai gane ko kocin zai tafi, da kuma abin da ya kamata a yi kafin tafiyar da bayanta.

To, ɗan'uwa, mas'alarka ba ƙarama ba ce ga wanda ya san yadda son ƙungiya yake kama zuciya. Abin da ke cikin ƙirjin mutum gaibu ne, babu ɗan jarida ko mai sharhi da ke riƙe da mabuɗinsa, shi kansa kocin ma sau da yawa bai san abin da zai zaɓa ba sai ranar da aka ajiye masa takarda a gabansa. Amma rashin yaƙini ba ya hana mai hankali yin ƙiyasi, domin al'amarin ya sha aukuwa a gaban idonmu, kuma yana da alamomi waɗanda in mutum ya lura da su zai rinjayar da zatonsa bisa hujja, ya huta da bin kowace iska.

Ka fara da tace labari. Malamanmu sun koya mana cewa ba a karɓar ruwaya sai an dubi wanda ya ɗauko ta, da wanda ya ba shi, da kuma ko akwai wata maslaha da ke tura shi ga faɗinta, wannan ladabi kuwa yana da fa'ida har a al'amuran duniya. Labarin zawarci yakan fito ne daga ɗayan wurare kaɗan: ko daga wakilin kocin, wanda yake son masu ƙungiya su tsorata su ƙara wa mutuminsa albashi, ko daga babbar ƙungiyar da ke cikin rikici, wadda take son magoya bayanta su ji cewa ana neman mafita, ko kuwa daga jaridar da ta san sunan koci mai tashe yana jawo masu karatu. Labarin da jaridu ashirin suka buga, alhali dukkansu daga baki ɗaya suka kwaso shi, labarin mutum ɗaya ne, yawan bugawa bai mai da shi mutawatiri ba. Haka nan kada ka ɗora nauyi mai yawa a kan abin da kocin yake faɗa a gaban 'yan jarida, domin mutumin da ke da 'yan wasa a ƙarƙashinsa da wasa gobe ba shi da wata amsa face ya ce yana jin daɗin inda yake. Abin da za ka saurara shi ne ko ya ambaci wa'adi. Wanda ya ce kakar wasa mai zuwa za ta same shi a nan ya ɗaure kansa da magana, wanda kuwa ya tsaya ga yabon gari da mutanensa ya bar wa kansa ƙofa.

Babu misalin da ya fi bayyana wannan kamar al'amarin Xabi Alonso da ƙungiyar Bayer Leverkusen ta Jamus, kuma zan ɗan tsaya a kansa domin kusan dukkan alamomin suna cikinsa. Ya karɓi ƙungiyar a watan Oktoba na 2022 tana ta biyun ƙarshe a teburi, bai taɓa jan ragamar babbar ƙungiya ba, sai ga shi a kakar 2023/2024 ya ci mata gasar Bundesliga karo na farko a tarihinta ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, ya haɗa mata da kofin ƙasar, bai sha kashi a wannan kakar ba sai a wasan ƙarshe na kofin Europa, inda ɗan Najeriya Ademola Lookman ya zura musu ƙwallo uku rigis a madadin Atalanta. A tsakiyar wannan tashe ne kujeru biyu manya suka buɗe a lokaci guda: a watan Janairu na 2024 Jurgen Klopp ya sanar zai bar Liverpool, a watan Fabrairu kuma Bayern Munich ta ce za ta raba gari da Thomas Tuchel a ƙarshen kaka. Dukkansu biyu tsofaffin ƙungiyoyin Alonso ne tun yana ɗan wasa, saboda haka jama'a suka yanke cewa tafiya ta tabbata, gardamar da ta rage kawai ita ce Ingila za shi ko kudancin Jamus. A ƙarshen watan Maris ya fito fili ya ce yana nan a Leverkusen kaka mai zuwa, kuma ya cika alkawari.

Abin da masu hasashe suka kasa dubawa a lokacin, a ganina, shi ne kujera ta uku. Alonso ya yi shekara biyar yana buga wa Real Madrid, a makarantar yaranta ma ya fara koyon aikin horarwa, kuma a watan Disamba na 2023 Carlo Ancelotti ya sabunta kwantiraginsa a can, watau wannan ƙofa a rufe take. Da ta buɗe a watan Mayu na 2025, Ancelotti ya nufi tawagar ƙasar Brazil, Alonso bai yi jinkiri ba, ko da yake da sauran shekara guda a yarjejeniyarsa da Leverkusen. Darasin da ke cikin wannan a gare ka shi ne ka tambayi kanka wace kujera ce zuciyar kocinku take kallo tun asali, saboda tarihinsa, ko harshensa, ko iyalinsa, ko irin ƙwallon da yake so, sannan ka dubi halin wanda ke zaune a kanta yanzu. Muddin mai kujerar yana cin wasa, kana iya kwana da ido biyu rufe komai yawan surutun jaridu. Ranar da ka ji shugabannin wannan babbar ƙungiya sun fara fitowa suna cewa suna tare da kocinsu bayan rashin nasara uku ko huɗu a jere, to ranar ce ya dace ka fara shiri, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai kuma batun kwantiragi, wanda magoya baya suka fi dogara da shi alhali ya fi komai ruɗarwa. Doguwar yarjejeniya ba ta ɗaure koci a zamanin nan, abin da take yi shi ne ɗaga farashin fansarsa. A wasunsu ma akwai sharaɗi a rubuce cewa duk wanda ya biya adadi kaza yana iya ɗaukarsa. Ruben Amorim, wanda ya dawo wa Sporting ta Lisbon da kofin gasar Fotugal a 2021 bayan shekara 19 tana nema, yana da irin wannan sharaɗi na Yuro miliyan 10, Manchester United ta biya, ta ɗan ƙara wani abu domin a sake shi da wuri, ya tafi a watan Nuwamba na 2024 alhali ƙungiyarsa ta ci dukkan wasanninta 11 na farko a gasar. Sporting kuwa ba ta da bakin kuka, domin ita ma da irin wannan kuɗi ta fanso shi daga Braga a 2020. Saboda haka idan ka ji an ce kocinku ya sa hannu a sabon kwantiragi na shekara huɗu, yi murna, amma ka san cewa abin da ya fi shekarun muhimmanci shi ne adadin da aka rubuta a sharaɗin fansa, da kuma lokacin da aka yarda a yi amfani da shi, ko a kowane wata ne ko sai ƙarshen kaka.

A nan ya kamata in taɓo wata magana da take ɓata tsakanin mutane, watau kiran wanda ya tafi maci amana. A fiƙihunmu ijara ƙulli ne lazimi, wanda aka ɗauka aiki zuwa wa'adi sananne ba shi da ikon warware shi shi kaɗai, amma kuma malamai sun halatta iƙala, watau ɓangarorin biyu su yarda su saki juna, kuma sharaɗin da aka amince da shi tun ranar ƙulli yana cikin ƙullin. Kocin da aka biya kuɗin fansarsa bisa abin da ƙungiya ta sa wa hannu da kanta bai ci haƙƙin kowa ba, kuma mu tuna cewa ita ƙungiyar da yake bari ba za ta ji nauyin sallamarsa ba da a ce wasa shida ya sha kashi a jere. Duk da haka akwai abin da ya wuce halacci, shi ne mutunci da kyakkyawar rabuwa, kuma a nan ina tare da magoya baya. Lokacin da Brendan Rodgers ya bar Celtic ta Sikotland zuwa Leicester a watan Fabrairu na 2019, ƙungiyar tana saman teburi, sauran 'yan watanni a kammala kaka, mutanen Glasgow sun ji zafin abin ƙwarai, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya jira ƙarshen kaka, ya sanar da wuri, ya ba masu gida damar shiri kamar yadda Alonso ya yi, ya fi wanda ya fice da tsakar rana daraja, ko da takarda ta ba su dama iri ɗaya.

Akwai wata alama da ba a rubuta ta a takarda, ita ce abin da ya rage wa mutum ya cim ma a inda yake. Alex Ferguson ya ci wa Aberdeen gasar Sikotland sau uku, ya doke Real Madrid a wasan ƙarshe na kofin Turai na masu riƙe da kofuna a 1983, ya ƙi tayin da aka yi masa a baya, amma da ya ga babu sauran tsaunin da zai hau a wannan gari sai ya karɓi Manchester United a watan Nuwamba na 1986. Idan kocinku ya kai ƙungiya inda kuɗinta ba zai iya wuce da ita ba, kuma kowace bazara ana sayar masa da gwanayen 'yan wasansa ba a maye gurbinsu da kamarsu, to ko bai faɗa ba zuciyarsa ta fara haɗa kaya.

Kada kuma ka ɗauka cewa duk wanda aka kira zuwa babban gida alheri ya same shi, kuma kociyoyi masu basira sun san haka, shi ya sa wasunsu suke ƙin amsawa. David Moyes ya yi shekara 11 a Everton cikin girma da daraja, aka ba shi kwantiragin shekara shida ya gaji Ferguson a 2013, bai cika shekara guda ba aka sallame shi. Graham Potter ya bar Brighton zuwa Chelsea a watan Satumba na 2022, bayan an biya fiye da fam miliyan 20 domin shi da mataimakansa, zuwa watan Afrilu na 2023 an raba gari. A gida ma mun gani: Finidi George ya ci wa Enyimba gasar Najeriya a 2023, aka naɗa shi kocin Super Eagles a watan Afrilu na 2024, ya yi kunnen doki da Afirka ta Kudu a Uyo, Jamhuriyar Benin ta doke shi a Abidjan, kafin watan Yuni ya ƙare ya ajiye aiki. Ba ilminsu ne ya gudu a hanya ba. Sababin shi ne rabin nasarar koci tana cikin ƙasar da aka shuka shi, watau haƙurin masu ƙungiya, da 'yan wasan da aka zaɓo daidai da tsarinsa, da ƙarancin masu tsoma baki. Dashen da ya yi kyau a fadama, in aka ciro shi aka kai jigawa, ba lalle ya kama ba. Arne Slot, wanda ya ƙi barin Feyenoord a 2023 lokacin da Tottenham take nemansa, ya jira shekara guda ya karɓi Liverpool da tsarinta a tsaye, ya ci gasar Firimiya a kakarsa ta farko. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma idan ƙungiyar da ke zawarcin kocinku sananniya ce da saurin kora, wannan kaɗai yana iya tsayar muku da shi.

Yanzu ga fatawata a kan kashin farko na tambayarka. Idan kocinku matashi ne, nasararsa ta zarce ƙarfin aljihun ƙungiya, kuma ya maimaita ta kaka biyu, to mafi rinjayen zato shi ne zai tafi, in ba bana ba to baɗi, kuma ya fi maka alheri ka zauna da wannan sani da ka yi ta yaudarar kanka. Allah ne mafi sani.

Kashi na biyu ya fi muhimmanci a wurina, domin a nan ne ɗan Adam yake da abin yi. Nauyi mafi girma yana kan masu tafiyar da ƙungiya, kuma ina fatan shugabannin ƙungiyoyinmu na gida, manya da na unguwa, za su saurara. Ranar da aka ɗauki koci ita ce ranar da ya kamata a fara tunanin magajinsa, tun ran gini ran zane. A ajiye sunayen mutum biyu ko uku masu irin salonsa, a riƙa bibiyar aikinsu a asirce. Aikin farauto 'yan wasa, da makarantar matasa, da bayanan lafiya da na atisaye, su zama mallakar ƙungiya a ƙarƙashin darakta wanda ba ya tafiya da tafiyar koci, domin ƙungiyar da ta damƙa dukkan iliminta a kan mutum ɗaya, ranar da ya fita ya fita da gidan. A rubuta cikin kwantiragi cewa sharaɗin fansa ba ya aiki sai a ƙarshen kaka, a kuma fayyace nawa daga cikin mataimaka yake iya ɗauka. A ƙungiyoyinmu kuwa, waɗanda galibinsu gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, ana ɗaukar koci kaka guda, kukan bashin albashi kuma ba baƙon abu ba ne ga mai bin gasar, matakin farko ya fi wannan sauƙi: a rubuta yarjejeniya a sarari, a biya haƙƙi a kan lokaci, domin wanda ba a cika masa alkawari ba ba a da hujjar neman ya cika nasa.

Dubi abin da ya biyo bayan tafiyar Alonso domin ka ga girman hatsarin, ko ga ƙungiya mai tsari. A bazara guda Leverkusen ta rasa koci, ta rasa Florian Wirtz da Jeremie Frimpong zuwa Liverpool, Jonathan Tah ya tafi Bayern, Granit Xhaka ya tafi Sunderland, watau ƙashin bayan ƙungiyar da ta ci kofi. Aka kawo Erik ten Hag, aka sallame shi a farkon watan Satumba na 2025 bayan wasa biyu kacal na Bundesliga. Ra'ayina shi ne babban kuskuren yana cikin barin koci da jagororin fili su fita ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, domin sabon koci yana bukatar dattawa a cikin 'yan wasa waɗanda za su riƙe masa ɗakin kafin ya san sunayen mutane. Sporting ma ta yi tuntuɓe, ta ɗaga kocin ƙaramar ƙungiyarta ya gaji Amorim, abin bai yi ba, ta sauya shi tun kafin shekarar ta ƙare, amma da yake 'yan wasanta suna nan ba su watse ba, Rui Borges ya zo ya kammala kakar da kofin gasa a hannu.

Amma kai, ɗan'uwa, da ba ka zama a majalisar ƙungiya, abin da ke hannunka shi ne halinka. Ka ji daɗin wasannin da suka rage muku da wannan koci, kada fargabar gobe ta cinye maka ni'imar yau, domin ƙananan ƙungiyoyi ba kullum suke samun irin wannan zamani ba. Kada ka yaɗa labarin da ba ka san tushensa ba. Ka nisanci masu caca da ke karɓar kuɗin mutane a kan wanda zai gaji wane, domin bayan haramcinta, su ne suka fi kowa cin ribar jita-jitar da ke hana ka barci. Kada gardamar gidan kallo ta kai ka ga zagin abokin zama ko yanke zumunci saboda mutumin da ke wata nahiya bai san da zamanku ba. Idan ya tafi, ka ambace shi da alherin da ya yi muku.

Sannan ka yi wa magajinsa adalci, wannan kuwa shi ne mafi wuya, domin ido ya saba da wani salo kuma zuciya tana auna sabo da ma'aunin tsoho. Ka ba shi aƙalla rabin kaka kafin ka yanke hukunci, kuma a cikin wannan lokaci ka dubi yadda ƙungiya take wasa fiye da yadda kake duban sakamako. Lokacin da Potter ya bar Brighton da mataimakansa, mai ƙungiyar, Tony Bloom, bai ɗauki kwanaki masu yawa ba ya kawo Roberto De Zerbi ɗan Italiya, wanda yawancin magoya baya ba su san aikinsa ba. De Zerbi bai ci ko ɗaya daga wasanninsa biyar na farko a gasar Firimiya ba, aka fara gunaguni, masu ƙungiya ba su motsa ba. Nasararsa ta farko ta zo a ƙarshen watan Oktoba na 2022, da ci 4 da 1, a kan Chelsea wadda Potter yake jagoranta, kuma a ƙarshen wannan kakar Brighton ta ƙare ta shida a teburi, ta samu gurbin gasar Turai karo na farko tun kafuwarta.